KOCI YA JI LABARI, SAI YA YI ME? Masu horarwa a jami'o'in Amurka da ƙorafin cin zarafi

 Waɗanda data ba ta ishe su sauraron muryar ba, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba.

Kafin in shiga magana, bari in ja kunne. Batunmu na yau ya shafi fyaɗe da lalata da yara. Ba zan shiga bayanin ƙazanta ba, amma in akwai ƙananan yara kusa da ku, ko kuma irin wannan magana tana fama muku wani tsohon ciwo, ku sani tun yanzu.

Duk lokacin da aka kama wani da irin wannan laifi, hankalinmu kan tafi kan mutum biyu, wanda ya aikata da wadda aka yi wa. Yau ina so mu juya mu kalli mutum na uku. Shi ne wanda aka fara kai wa ƙara, babba mai iko, wanda yarinya ko yaro ya tattara duk ƙarfin halinsa ya je ya tsaya a gabansa ya ce ga abin da ya faru. Me wannan mutumin ya yi da maganar? In ya binne ta, wane hukunci ya dace da shi? Zan ɗauki misalai daga jami'o'in Amurka, domin can ne aka tone waɗannan abubuwa a kotu da rahotannin bincike har kowa ya gani, kuma mutum na ukun a can sau da yawa koci ne, wato mai horar da 'yan wasa.

Sai mun fahimci waye koci a jami'ar Amurka kafin labarin ya zauna mana. Mu nan in an ce wasan jami'a, abin da ke zuwa mana a rai shi ne fili mai ƙura da ɗalibai 'yan ɗari suna ihu. A can abin kasuwa ce ta biliyoyin daloli, musamman ƙwallon nan tasu ta ɗauka a ruga a yi karo. Filin wasan jami'ar Penn State kaɗai yana cin mutum sama da 106,000. A jihohi da yawa, ma'aikacin gwamnatin da ya fi kowa albashi shi ne kocin jami'ar jiha, ya fi gwamna nesa ba kusa ba. Nick Saban na jami'ar Alabama, kafin ya yi ritaya a farkon 2024, yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara. Shugaban ƙasar Amurka albashinsa dala 400,000 ne. Ku lissafa da kanku.

Sannan ku dubi ɗalibin da ke ƙarƙashinsa. Da yawansu 'ya'yan talakawa ne, wasan ne ya kawo su jami'a, shi ke biyan kuɗin makaranta da ɗaki da abinci. Koci ne ke cewa wane zai buga, wane zai zauna a benci, kuma bakinsa yana da nauyi kan wanda zai ci gaba da samun tallafin karatu. Mutumin da makomarka ke hannunsa haka, in ya ce maka "a bar maganar nan," kai ma ka san ba shawara yake ba ka ba.

To mu fara da Penn State, a jihar Pennsylvania.

Joe Paterno ya zama babban kocin ƙungiyar a 1966, ya riƙe ta shekara 46, ya ci wasa 409, ya ɗauko kofin ƙasa a 1982 da 1986. Ana masa kallon dattijon arziki wanda ke matsa wa 'yan wasansa su yi karatu. Ya ba jami'ar kyautar miliyoyin daloli, wani sashe na ɗakin karatu yana ɗauke da sunansa, kuma an kafa mutum-mutuminsa a bakin filin wasa tun yana raye. A ƙarƙashinsa akwai wani mataimaki mai suna Jerry Sandusky, wanda suka yi aiki tare kusan shekara talatin. Shi wannan Sandusky ya buɗe gidauniya a 1977, The Second Mile, don taimakon yara marasa galihu. Daga cikin yaran gidauniyar yake zaɓen waɗanda zai lalata. An ba kura ajiyar nama kenan.

A 1998 wata uwa ta kai ƙara bayan ɗanta ya dawo gida da jiƙaƙƙen gashi, ya ce mata sun yi wanka tare da Sandusky a wurin wankan 'yan wasa. 'Yan sanda sun bincika, mai gabatar da ƙara ya ce ba zai shigar da tuhuma ba. A 1999 Sandusky ya yi ritaya, amma aka bar masa ofis da makullan ginin.

Sai daren wata Juma'a a watan Fabrairun 2001. Wani ƙaramin mataimakin koci, Mike McQueary, ya shiga ɗakin canjin kaya, ya ga Sandusky da wani ƙaramin yaro a wurin wanka cikin yanayin da ya tayar masa da hankali. Washegari Asabar ya je gidan Paterno ya faɗa masa. Ran Lahadi Paterno ya sanar da daraktan wasanni, Tim Curley. Maganar ta kai ga mataimakin shugaban jami'a Gary Schultz, ta kai ga shugaban jami'ar kansa, Graham Spanier. Ku ƙirga manya nawa kenan. A cikinsu babu wanda ya kira 'yan sanda, babu wanda ya kira hukumar kare yara, kuma babu wanda ya nemi sanin ko wane yaro ne. Abin da aka yi shi ne aka ce wa Sandusky ya daina kawo yara cikin jami'a.

Ku tsaya ku ji wannan hukuncin da kyau. Ma'anarsa fa ita ce, kada ka yi a gidanmu. In ka fita waje, ruwanka.

Daga baya an tono saƙonnin imel da suka yi wa juna a waɗannan kwanaki. Da farko sun tsara za su sanar da hukumar kare yara. Sai Curley ya rubuto cewa bayan ya ƙara tunani kuma ya yi magana da Joe, bai gamsu da wannan matakin ba, gara a zauna da Sandusky tukuna. Spanier ya amince, ya kira hakan hanyar tausayi, ya kuma lura cewa haɗarin da ke ciki shi ne in mutumin bai ji gargaɗi ba, su za a kama da laifin rashin kai rahoto. Kun ga tausayin wa aka ji, kun ga kuma haɗarin wa aka lissafa. Yaron bai shigo cikin lissafin ba sam.

Shekara goma aka ƙara. A cikinsu an lalata wasu yaran. Sai da wani ɗalibin sakandare ya yi magana a 2008 sannan aka buɗe binciken da ya kai ga kama Sandusky a ranar 5 ga Nuwamban 2011. Kwana huɗu bayan nan kwamitin amintattun jami'ar ya kori Paterno, ta waya ma aka faɗa masa. A daren dubban ɗalibai suka fantsama titi, har suka kifar da motar gidan talabijin. Ku lura, fushin korar koci ne ya fito da su. Paterno ya rasu a watan Janairun 2012 yana da shekara 85. A watan Yuni kotu ta sami Sandusky da laifi 45 cikin 48 da ake tuhumarsa, kan yara goma, aka ɗaure shi shekara 30 zuwa 60.

A watan Yuli, Louis Freeh, tsohon shugaban hukumar FBI da jami'ar ta ɗauka ya yi bincike, ya fitar da rahoto yana cewa waɗannan manya huɗu sun ɓoye gaskiya don gudun ɓacin suna. Aka cire mutum-mutumin Paterno. Hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta ci tarar Penn State dala miliyan 60, ta kuma soke nasarori 111 daga tarihin Paterno, ko da yake ta mayar masa da su a 2015. Iyalansa har yau suna musanta rahoton Freeh, suna cewa ba a yi masa adalci ba. A 2017 aka sami Curley da Schultz da Spanier da laifin jefa rayuwar yara cikin haɗari, kowannensu ya yi 'yan watanni a gidan yari. Jami'ar ta biya waɗanda aka zalunta sama da dala miliyan 100.

Ga inda maganar ta fi ɗaure kai. Paterno ba a taɓa tuhumarsa a kotu ba. Masu gabatar da ƙara sun ce ya cika abin da dokar lokacin ta ɗora masa, tunda ya faɗa wa na sama da shi. A takarda kenan. Amma a garin nan waye ke sama da Paterno? Daraktan wasannin da ya kai wa rahoto, yaro ne a gabansa. Da dattijon nan ya ɗaga waya sau ɗaya ya ce a kira 'yan sanda, wa zai ce a'a? Da bayan sati guda ya tambaya, "ina aka kwana kan maganar yaron nan?", da wani ya motsa. Shi da bakinsa ya faɗa kafin ya rasu cewa da ya san abin da ya sani daga baya, da ya yi fiye da haka. Ni a ganina nan ne ainihin darasin Penn State yake. Nauyin da ke kan mutum daidai yake da ikon da ke hannunsa, ko me takardar aiki ta ce.

Mu sauka kudu zuwa jihar Texas, garin Waco, jami'ar Baylor. Wannan jami'a ce ta ɗarikar Baftis, mai alfahari da addini da tarbiyya. Ƙungiyar ƙwallonta ta daɗe tana shan kashi, sai aka kawo Art Briles a ƙarshen 2007. Cikin 'yan shekaru ya juya abin, suka ci kofin rukuninsu a 2013 da 2014, aka gina sabon fili na dala miliyan 266. Gari ya ɗauke shi tamkar waliyyi.

A Janairun 2014 aka ɗaure wani ɗan wasansa shekara 20 kan fyaɗe. A 2015 aka sake gurfanar da wani. Da surutu ya yi yawa, jami'ar ta ɗauko wani kamfanin lauyoyi, Pepper Hamilton, ya bincika. Abin da aka fitar a ranar 26 ga Mayun 2016 ya nuna cewa akwai lokutan da masu horarwa da ma'aikatan sashen ƙwallo suka zauna da mai ƙorafi ko iyayenta kai tsaye, suka ji komai, amma ba su kai maganar inda ya kamata ba. Sukan yi nasu ɗan binciken na cikin gida, alhali ba su da horon yin sa, su yanke nasu hukuncin. Sashen ƙwallo ya zama kamar wata ƙaramar ƙasa mai dokarta. Daga baya 'yan majalisar gudanarwar jami'ar suka shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa tun daga 2011, mata 17 sun kawo ƙorafin fyaɗe ko duka a kan 'yan wasa 19, huɗu daga ciki fyaɗen taron dangi ne.

Akwai wani abu a Baylor da nake so 'yan'uwana mata su ji, don na san zai yi muku kama da wani abu. Jami'ar tana da dokar ɗa'a da ta haramta shan giya da zina. Sai ya zama yarinyar da aka yi wa fyaɗe a wurin casu tana tsoron buɗe baki, domin tambayar farko da za a yi mata ita ce me ya kai ki can, me kika sha. Dokar da aka kafa don tarbiyya sai ta zama garkuwar azzalumi. Shi ya sa cikin shawarwarin da aka ba jami'ar har da yi wa mai kawo ƙorafi afuwa kan irin waɗannan ƙananan laifuka, don kada tsoron hukunci ya rufe mata baki.

An kori Briles. An sauke shugaban jami'ar, Ken Starr, shi ne fa lauyan nan da ya binciki Shugaba Bill Clinton kan badaƙalar mace a shekarun 1990. Daraktan wasanni ya ajiye aiki. Za ku ce to an hukunta. Ku ji sauran. Briles ya tafi da dala miliyan 15.1 na sasanci daga jami'ar. Shi dai ya tsaya kan cewa bai rufa wa kowa asiri ba. A 2021 hukumar NCAA ta gama nata binciken, ta soki yadda ya riƙa kawar da kai, amma ta ce ba za ta iya hukunta shi ko jami'ar kan wannan ba. Dalili? Wai gazawar kai rahoton ta game jami'ar baki ɗaya, ba 'yan wasa kaɗai aka yi wa wannan gatan ba, don haka ba a karya dokar wasanni ba. Tarar da aka ci Baylor dala 5,000 ce, ita ma kan wasu ƙananan laifuka daban. Hukumar da ta shekara da shekaru tana dakatar da ɗalibi don ya karɓi kyauta daga mai goyon baya, ta duba littafinta ba ta ga layin da ya hana koci yin shiru kan fyaɗe ba.

Abin da ya hana Briles komawa babban aiki shi ne idon jama'a. A 2017 wata ƙungiya a Kanada ta ɗauke shi da safe, kafin dare ta janye saboda ihun mutane. Ya je Italiya ya horar, ya dawo wata sakandare a Texas. A 2022 jami'ar Grambling ta ba shi aiki, cikin 'yan kwanaki ya ajiye.

Na uku, jami'ar Michigan State. Kada wani ya ɗauka wannan ciwon na maza ne kaɗai, domin kocin nan mace ce. Larry Nassar likita ne na jami'ar, kuma likitan tawagar Amurka ta wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki. Yana fakewa da sunan magani yana cin zarafin 'yan mata. Wasu mata biyu sun shaida a kotu cewa tun 1997, suna 'yan shekara 14 da 16, sun faɗa wa koci Kathie Klages abin da likitan ke yi musu. Suka ce ta nuna musu cewa ba su fahimci aikin likita ba ne, kuma in aka shigar da takarda abin zai jawo babbar matsala. Suka yi shiru. Ɗayarsu ma har haƙuri ta ba likitan.

Daga 1997 zuwa 2016, lokacin da jaridar Indianapolis Star ta buga labarin Rachael Denhollander, shekara 19 kenan. A Janairun 2018 mata sama da 150 suka tsaya ɗaya bayan ɗaya a gaban mai shari'a Rosemarie Aquilina suna faɗin abin da ya yi musu, aka yanke masa shekara 40 zuwa 175. Jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 500, akasari ga mata 332 da suka shigar da ƙara. Ita Klages ta ce ba ta tuna an taɓa faɗa mata ba. A 2020 kotu ta same ta da laifin yi wa masu bincike ƙarya, ta yi mata ɗaurin kwana 90, amma a ƙarshen 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin bisa hujjar cewa maganar tata ba ta shafi ginshiƙin binciken ba. Ku lura, ko wannan shari'ar ma kan ƙarya aka yi ta. Shirun 1997 ɗin kansa babu wanda ya tsaya gaban alƙali a kansa.

To me ya haɗa labaran nan uku? Ni abin da na gani, babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya tashi da safe ya ce yau zan taimaki mai lalata yara. Abin yana zuwa ne a hankali, cikin kalmomi masu daɗin ji. Wanda ake zargi abokin aiki ne na shekara talatin, ko ɗan wasan da kai ka je har gidansu ka yi wa mahaifiyarsa alƙawarin za ka riƙe shi kamar ɗanka. Wadda ta kawo ƙara kuwa baƙuwa ce, ba ka san ta ba. Sai zuciya ta ce ai na san shi, ba zai yi ba. Sannan ga albashinka da sunan makaranta duk sun rataya a kan cin wasa. Mutumin da zai yi asara in zargi ya tabbata, ta yaya za a ce shi zai auna ko zargin gaskiya ne? Ko da mutumin kirki ne, sikelinsa ya riga ya karkata.

Shi ya sa dokokin Amurka suka riƙa matsawa zuwa wuri guda, wato a cire alƙalanci daga hannun koci. Akwai dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma a ƙarƙashinta jami'o'i ke da jami'i na musamman mai karɓar irin wannan ƙorafi. Akwai dokar Clery ta 1990, mai sunan wata ɗaliba da aka yi wa fyaɗe aka kashe a ɗakin kwananta a 1986, wadda ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifukan da ake yi a harabarsu. Da ita aka ci tarar Penn State dala miliyan 2.4, aka ci Michigan State miliyan 4.5. Bayan Sandusky, Pennsylvania ta gyara dokarta, yanzu ma'aikacin makaranta da ya yi zargin ana cutar da yaro dole shi da kansa ya kira hukuma, faɗa wa oga kaɗai bai wadatar ba. Bayan Nassar, dokar tarayya ta 2018 ta ba manyan da ke hulɗa da yara 'yan wasa awa 24 su kai rahoto. Bayan Baylor, Texas ta yi doka a 2019 cewa ma'aikacin jami'a da ya ji labarin fyaɗe ya ɓoye da gangan za a kore shi, kuma za a iya gurfanar da shi. Kowace doka a cikinsu sai da wasu suka sha wuya aka rubuta ta.

Na san wani yana can yana cewa, malam, to in ƙarya aka yi wa mutum fa? Tambaya ce mai kyau, kuma tana da misalinta. A 2006 wata mata ta zargi 'yan wasa uku na jami'ar Duke da fyaɗe. Gari ya ɗauka, aka soke sauran wasanninsu na shekarar, aka tilasta wa kocinsu Mike Pressler ya ajiye aiki. A Afrilun 2007 babban lauyan jihar ya fito ya ce samarin ba su da laifi ko kaɗan, mai gabatar da ƙarar kuma aka ƙwace masa lasisin lauya saboda ya ɓoye shaidar da ke wanke su. A ƙarshen 2024 matar da kanta ta amsa cewa ƙirƙira ta yi. Wannan zalunci ne, kuma ba za mu share shi ba.

Amma ku duba, labarin Duke bai ce koci ya yi shiru ba. Abin da ya koyar shi ne a bar bincike ga masu bincike na gaskiya, kada a yanke hukunci da ihun titi. In zargin ƙarya ne, binciken ne zai wanke ɗan wasanka wankewar da kowa zai yarda da ita. In ka binne maganar a ofis, ko yaronka ba shi da laifi, ranar da ta fito za a ce ka rufa masa asiri. Kai rahoto ba yanke hukunci ba ne. Aikin koci a nan kaɗan ne kuma a fili yake. Ya saurara ba tare da tsawa ko tuhuma ba. Ya rubuta abin da aka faɗa masa da ranar. Ya kai wa hukumar da ke da hurumi a ranar, in yaro ne kuwa har da 'yan sanda. Kada ya kira wanda ake zargi gefe ya tsegunta masa, kada ya haɗa su a ɗaki wai a sasanta. Ya tabbatar wadda ta yi magana ba ta rasa gurbinta ba. Sannan bayan kwana biyu ya koma ya tambaya ina aka tsaya. Wannan na ƙarshen shi ne Paterno bai yi ba.

Kafin mu rufe, kada mu zauna muna kallon Amurka kamar fim. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan 'yan matan tawagar ƙwallon kwando ta ƙasar Mali da suka ce kocinsu yana cin zarafinsu, kuma manyan hukumar wasan sun ji sun danne. A 2019 BBC ta fitar da binciken ɓoye kan malaman jami'a a Legas da Ghana masu neman ɗalibai da maki. Ga makarantun koyon ƙwallo sun cika garuruwanmu, iyaye suna miƙa yara 'yan shekara goma sha ga mutumin da ya yi alƙawarin kai su Turai, a tafi gasa wani gari a kwana a ɗaki ɗaya, babu mai tambaya. Mu kuma muna da kalmar da ta fi ta Spanier daɗi a kunne, wato rufin asiri. Rufin asiri abu ne mai kyau a wurinsa. Amma in yaro ya zo ya ce ana cutar da shi, ka ce a bar kaza cikin gashinta, asirin wa ka rufa? Na wanda zai koma gobe ya sami wani yaron.

Da yawa daga cikin masu sauraron shirin nan kuna horar da ƙungiyar unguwa, wasu kuna koyarwa, wasu shugabannin ɗalibai ne, wasu nan da shekara biyar ku ne shugabannin sashe. Wata rana wani zai ƙwanƙwasa ƙofarku yana rawar murya. Ku yanke shawarar abin da za ku yi tun yau, tun ba ku san sunan wanda za a ambata ba, domin ranar da aka ambaci sunan amininku tunani zai yi wuya. Ku nemi sanin inda ake kai irin wannan ƙara a makarantarku ko garinku, ku ajiye lambar a waya.

Ke kuma ko kai da aka taɓa yi wa, ka faɗa aka ƙi ji, laifin ba naka ba ne. Waɗancan 'yan mata biyu na 1997 gaskiya suka faɗa tun ranar farko, babbar da suka faɗa wa ce ta gaza.

Tambayar da zan bar muku ita ce wannan: kocin da ya ji ya yi shiru, kora ta ishe shi, ko shi ma ya kamata ya tsaya gaban alƙali? Ku faɗa mana ra'ayinku, amma don Allah kada a kama sunan kowa, kada kuma a saka labarin wani ba da izininsa ba. Za mu karanto wasu a shiri na gaba. Ku tura wa duk wani koci ko malami da kuka sani.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.